Alkakin Garar Ƙanwata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da bikin ƙanwata ba, kuma ba kiɗa ko anko ne ya sa ba, alkaki ne. Tun da aka sa rana hankalina bai sake kwanciya ba. Innarmu ta rasu a shekarar da na haifi 'yata ta fari, alhali duk Ƙofar Kware an san ta da alkaki, ba a kai garar wata 'yar unguwa ba tare da hannunta a ciki ba. Yanzu ga autarmu za ta ɗakin miji, babu Inna, ni ce babba, ni kuwa iyakar abin da na iya shi ne tsamo shi daga ruwan suga. Kullum gani nake akwai sauran lokacin koyo.

Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta ce a sayo na kasuwa kowa ya huta. Ƙanwata kuwa sai ta biyo ni gidana a Unguwar Rogo, ta zauna bakin gado tana wasa da yatsun 'yata, ta ce, "Yaya, kowa an kai mishi alkakin gidanmu, ni ɗai za a kai ma na kasuwa?" Ban san lokacin da na ce mata ni zan yi ba. Tana fita na shiga tunanin inda zan koyo.

Karatuna bai yi nisa ba, in na ga dogon rubutu kaina sarawa yake. Maigidana ne ya nuna mini wata 'yar alama a waya, ya ce in danna in faɗi abin da nake nema da bakina. Da kunya na ce, "Yadda ake alkaki." Sai ga shafukan girki sun zubo, wasu rubutu, wasu bidiyo, har da masu nuna gidajen abinci da hotunan abin da suke dafawa. Na zaɓi wata mata mai magana a natse, Hausarta ba irin tamu ba amma ina ganewa. Ta nuna barzajjiyar alkama, ta murje ta da mai, ta sa yis, ta kwaɓa, ta ce a rufe a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana.

Na bi ta tiryan-tiryan. Lokacin tsakiyar bazara ne, zafin Sakkwato irin wanda ko ƙofar ƙarfe ba ka iya dafawa. Na rufe kwaɓina na kai kicin ɗinmu mai rufin kwano. Da safe ina buɗewa tsami ya doki hancina, ya saki ya yi ruwa-ruwa. Na daure na murza na jefa a mai, nan take ya watse. Na ce ƙila yis ne ya yi yawa, na rage na sake, haka dai. Ana cikin wannan Gwaggo ta shigo, ta leƙa kaskon, ta riƙe haɓa.

"Wanga ba alkaki na ba, dambu na," in ji ta. "Ke ɗiyar nan, waya ta za ta maishe ki uwarki? To ki ce mata ta hito ta soya."

Na yi dariyar yaƙe, amma tana tafiya na fashe da kuka. Biki ya matso, alkamar da ta rage ta kwaɓi ɗaya ce, ga alkawari a wuyana.

Da azahar ina shayar da 'yata, gumi na bin bayana, na sake kunna bidiyon. Wannan karon ban saurari bakin matar ba, ɗakin nata na tsaya kallo. Sai na ga rigar sanyi ce a jikinta, mai kauri. Yarinyar da ta gitta ta bayanta da hular ulu a kai. Man gyaɗan da ke gefenta ma ya yi barci a cikin gora, sai da ta jijjiga ya zubo. Na ce, "La ilaha illallahu! Baiwar Allah nan garin sanyi take!" Ɗumin da take nema wa kwaɓinta, mu a cikinsa muke dahuwa. Kwananta guda, a wurinmu ko wuni bai kai ba.

Nan take wani abu ya faɗo mini. Inna ba ta taɓa kai kwaɓin alkaki kicin ba. Gindin randa take ajiye shi, a kan jiƙaƙƙen yashi, ta lulluɓe da ɗanyen tsumma, in an jima ta ɗaga ta sansana. Ni duk tsawon yarintata na ɗauka ɓoye wa awaki take yi.

Washegari bayan sallar asuba na kwaɓa yadda matar ta nuna, na ajiye yadda Inna ke yi. Ba agogo na bi ba, hanci na bi. Wajen la'asar ƙamshin nan ya taso, wanda rabona da shi tun Inna na da rai. Na kirɓa, na murza, na naɗe, na saka na farko a mai. Ya nutse, ya taso, ya tsaya cif abinsa, ja-ja-jir. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida har 'yata ta firgita a bayana.

Na cika faranti na kai wa Gwaggo. Ta karya ɗaya, ta duba cikinsa yadda suga ya ratsa, ta kai baki. Tana cikin tauna sai na ga ta ja bakin mayafi ta share ido.

"Wa yak koya miki?"

Na ce, "Waya ta hwara, Gwaggo, Inna ta ida."

"To tashi ki ƙaro alkama," ta ce, "ni ka riƙa miki ɗiyar."

Ranar kai gara ƙanwata ta buɗe fanteka ta ga alkaki jere har baki, ta rungume ni. Dangin ango kuwa har aike suka yi a tambayo wace ce ta yi. Yau duk bikin da ya taso a danginmu, ni ake kira.

Abin da na koya shi ne, shafukan nan na girki suna da amfani ƙwarai, har gobe ina buɗa su, a can na koyi dublan da cincin. Amma mai koyarwar ba ta san garinki ba, ke za ki duba inda take tsaye da inda kike. Roƙona gare ki 'yar'uwa, in mahaifiyarki na raye, ɗauki wayar nan taki ki je gida, ki ɗauke ta a bidiyo tana girki, ki tambaye ta dalilin kowane abu, ko da inda take ajiye ƙwarya ne. Kada ki ce akwai sauran lokaci.