Ya Zube, Ba Ta Zubar Ba

A shekarun da aka mayar da tuƙi hannun dama, wata a-kori-kura nake ja tsakanin Gwiwa da Kazaure, motar da in ta yi tari har Nijar ana ji. Ran kasuwar Gwiwa ina lodin gero sai ga abokin wasana, wani Bafillatanin rugar bayan gari, a guje, ko hula babu. Ni Babarbare ne, kullum sai na tsokane shi. Na buɗe baki zan ce "bawana", na ga fuskarsa, na haɗiye.

Matarsa ce. Ƙaramin ciki gare ta, jini ya ɓalle tun safe. Na watsar da geron, muka garzaya rugar, muka shimfiɗa ta a bayan motar. Duk ramin da na faɗa sai na waiwaya. In na waiwaya, zanenta ya ƙara jiƙewa.

A asibiti malamar jinya ta tambayi abin da ya faru. Shi kuwa Hausarsa ta cinikin shanu ce. Ya ce, "Ta zubar da ciki."

Malamar ta janye hannunta. "Ta zubar? Wa ya ba ta magani? To sai an kira ɗan sanda kafin mu taɓa ta."

Na ce, "Sista, don girman Allah, ya zube yake nufi! Ɓari ta yi! Wannan da kike gani, ko saniyarsa ce ta haihu cewa yake yi 'na haihu'. Rannan ce min ya yi tulu ya fasa shi!"

"Direba, kai likita ne?"

"Shaida ne ni. A bakin rijiya ta zame, da guga a hannu. Daga tasha na ji faɗuwarta!"

Allah na tuba, ko rijiyar ban sani ba. Sista ta dube ni, ta dubi jinin da ke ɗiga a siminti, ta ja tsaki, ta ce a shiga da ita.

Ta rayu. Ran sallama na ɗauko su, mijin ya sauka a Roni sayen goro. Matar ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Babarbare, da ni na zubar fa? Haka za su bar ni in tsiyaye?"

Ni da bakina bai taɓa rasa amsa ba, na kama murɗa makulli. Motar kuwa a kunne take.