Na Ce Musu Likita Ne Ya Faɗa

Edita, don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya uku, dukansu a nan Ingila na haife su. Muna zaune a Sparkbrook, cikin Birmingham, maigidana kuma likita ne a wani asibiti a Manchester, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Ni ko allura ban iya yi ba, amma a ƙauyenmu matar likita ma rabin likita ce. Kowa ya yi tari sai a turo mini saƙon murya in tambayi maigida. Ba zan ɓoye ba, girman nan yana yi mini daɗi.

Wata Laraba da rana ina cikin bas a Stratford Road zan ɗauko yara daga makaranta, sai ga saƙo daga 'yar wan babana, wadda nake kira Yaya. 'Yarta mai shekara goma sha shida tana da cikin fari wata takwas, an dawo da ita gida goyon ciki. Yaya ta ce ƙafafun yarinyar sun kumbura, fuskarta ma ta tasa, kai na sara mata, wani lokacin kuma tana gani dishi-dishi. Malamin ƙaramin asibitin ƙauyen ya ce a kai ta babban asibiti a cikin gari, amma damina ce, hanya ta lalace, maza duk suna gona. Ta ce in tambayi likita ko tafiyar ta zama dole, duk abin da ya ce shi za su yi. A ƙarshen saƙon yarinyar ta karɓi wayar ta gaishe ni, tana dariya wai ko silifas ɗin babanta ba ya shiga ƙafarta.

A makon nan kuwa gaba nake yi da maigidana, don ya fasa zuwa gida a makon da ya wuce, na kuma rantse ba ni zan fara kira ba. Sai na tuna ni ma ƙafata ta kumbura a kowane ciki, ungozomar asibiti ta ce in ɗora ta kan matashi kawai. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, ba ta taɓa faɗin haka ba sai bayan ta auna jinina ta gwada fitsarina. Na danna waya na ce, "Yaya, likita ya ce ba komai, laulayin cikin fari ne. Ta rage gishiri, ta riƙa ɗaga ƙafa." Na sauka daga bas hankalina kwance.

Ranar Juma'a da hantsi jijjiga ta kama yarinyar tana tsakar gida. A amalanken shanu aka kai ta bakin titi kafin a sami mota. An yi mata aiki, an ciro ɗa namiji babu rai, ita ma ba ta farka ba.

Da maigidana ya zo ranar Asabar, rasuwar ta sa muka shirya ba tare da kowa ya ba da haƙuri ba. Yana cin abinci na ba shi labarin ciwon kamar daga baya na ji. Ya ajiye cokali ya ce wannan hawan jinin masu ciki ne, ya fi kama yaran da suka yi cikin fari da ƙuruciya, kuma da an tambaye shi da ya ce a kai ta a ranar, ko a goye ne. Ya tambaya me ya hana su kira. Na ce ƙila matsalar sabis ce.

Shekara huɗu ke nan. Duk ranar da na je wurin GP, wato likitan unguwarmu, aka naɗa mini abin awon jini, yana fara matse hannuna sai in ji numfashina na neman ɗaukewa. Babbar 'yata ta kai shekarun yarinyar yanzu, idan ta yi dariya daga ɗakinta sai gabana ya faɗi.

Bara na je gida da niyyar in faɗa wa Yaya gaskiya. Kafin in fara ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gode mini wa likita. Abin da ke sanyaya mini zuciya, tunda shi ma bai ga komai ba, na san kwana ne ya ƙare, ba sakacina ba ne." Haka na dawo Ingila ban faɗa mata ba.

Na san rai a hannun Allah yake, amma na kuma san abin da bakina ya faɗa. 'Yan uwana da ke zaune a waje, mutanen gida suna ɗaukar maganarmu fiye da ta wanda ke tsaye a kan mara lafiya, don haka in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Yarinya mai ciki ta kumbura, ko ta ce kai na ciwo, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira saƙon kowa. Ni dai har yau Yaya tana samun barci ne da ƙaryar da na yi mata, ban kuma san ko ina da ikon ƙwace mata shi ba.