Ranar da Aka Auna Ƙwaƙwalwar Yayana

Yayana direban keke napep ne a unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum. Wata rana bayan la'asar ya ɗauko ni daga kasuwa, muka bi wani layi mai itatuwan darbejiya a jere. Rana ta yi ƙasa tana leƙowa ta tsakaninsu, haske da inuwa suna ta wulgawa a fuskarsa. Sai na ga keken yana karkacewa.

Na ce, "Yaya!"

Bai amsa ba. Idonsa a buɗe, hannunsa na karkarwa. Allah ya sa ba gudu yake ba, muka tsaya cikin yashi. Da ya dawo hayyacinsa, tambayata ya yi me ya sa nake ihu.

A gida wasu suka ce iska ce. Likitan da muka je wurinsa kuwa ya tura mu babban asibiti gwajin ƙwaƙwalwa, ni na raka shi.

Matar da ke gwajin ta manna masa ƙananan wayoyi a fatar kai, ta bar ni na tsaya bayanta ina kallon kwamfuta, inda wasu layuka ke ta tafiya.

Ta ce, "Malam, rufe idonka."

Layukan suka shiga hawa da sauka a natse. Da ya buɗe, nan take suka ƙanƙance. Ta sa ya sake rufewa, ta ce ya lissafo unguwannin Potiskum a zuciyarsa. Suka sake ƙanƙancewa, alhali ba ya kallon komai. Ta ce mini ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aiki, kuma yakan canza in mutum ya ga abu ko ya mai da hankali.

Daga nan ta kunna wata fitila mai walƙiya a gabansa, tana ƙara mata sauri. Can sai layukan suka yi tsini, suka hau kan juna. Ta yi maza ta kashe.

Likita ya ce farfaɗiya ce, irin wadda walƙiyar haske ke tayarwa. Ya rubuta magani, ya hana shi tuƙi.

Yaya ya ce, "Likita, ko da safe kaɗai?"

"Ko da safe."

Daga baya Yaya ya ba maƙwabcinmu keken, ya koma gyaran inji a garejin abokinsa da ke unguwar Bolewa. Yana can har yau, yana shan maganinsa, ciwon bai sake tashi ba.