Saƙon Malam Isa

Ranar wata Laraba ce, a shekarar da muke aji shida, lokacin da albasa ta fara ɗaura kai a lambunan bakin gulbin Rima. An tashi makaranta, Malam Isa, malaminmu na wasanni, ya riƙo hannun rigata a gindin dogon yaro ya ce, "Bello, gobe mutanen Sakkwato za su zo zaɓen 'yan tsere, yaro guda za su ɗauka. Ka biya lambu ka gaya ma Sahabi." Na ce to, Malam.

Sahabi ɗan maƙwabtanmu ne a Wurno, tare muka yi rarrafe. Ranar bai zo makaranta ba saboda ban-ruwan mahaifinsa. A lambun nan muka koyi abin da daga baya na ci abinci da shi. In ruwa ya fasa kunya can nesa, dole mutum ya ruga ya toshe, kuma kaiton wanda ya taka albasar Baba Altine, mahaifin Sahabi, kunnensa zai gaya masa. Sai mu riƙa tsallake fangali bayan fangali. Ni da ka nake tsallena, Sahabi kuwa da lissafi: taku uku, ya tashi, ƙafar gaba a miƙe, ta baya a naɗe. "Kai dai ƙirga ukku, bar kallon ƙasa," haka yake ce mini. Da Malam ya jera mana karan dawa a kan bulo a filin makaranta, wallahi ban taɓa wuce Sahabi ba, ko sau ɗaya.

Da la'asar na biya lambun kuwa. Na same shi cikin taɓo har gwiwa, ya ɗago ya ce, "Mi anka yi makaranta yau?" Na ce ba komai. Har na taya shi toshe kunya biyu, don rashin kunya irin tawa.

Washegari aka ɗauke ni. Daga Sakkwato sai Kaduna, sai Legas, har na sa rigar ƙasa a tseren tsallake shinge, na hau jirgi zuwa garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Na ci, an kuma cinye ni, wanda ya fi yawa ke nan. Duk mai horarwar da ya ga takuna sai ya tambayi wanda ya koya mini, ni kuma in ce baiwa ce. Ƙarya nake, takun Sahabi ne. Gwiwar dama ta tashi aiki ina da sauran ƙarfi, na dawo gida da lambobi a cikin kwali.

Bara na shirya musamman na tafi in faɗa wa Sahabi gaskiya. Makarantar an katange filin, yara sun koma ƙwallo, amma lambun yana nan. Sahabi ya yi furfura. Ya rungume ni, ya kira 'ya'yansa yana cewa, "Ku zo ku gaishe da babanku, shi na wanda yaf fidda mu kunya!" Na buɗe baki ke nan ruwa ya fasa kunya can ƙarshen lambu. Ya ce, "Ina zuwa." Ya tattare riga, taku uku, ya tashi, taku uku, ya tashi, ko ganye ɗaya bai taɓa ba. Ina tsaye dogare da sandata, hawaye suka zubo mini. Da ya dawo yana haki ya ce mi nika son hwaɗi, na ce ba komai.

Har yau saƙon Malam Isa yana hannuna.