Tulunan Yaya da Ba Su Riƙe Ruwa

Yayana ya koyi ginin tukwane wurin gwaggonmu a Yashe, inda ake kai mu hutun makaranta. Muna can muna wasa, shi yana tsugune gefenta yana kwaɓa yumɓu. Da ya shiga jami'a ya ce ginin yumɓu zai karanta. Baba ya ce, "To, Allah shi sa albarka."

Da ya gama ya dawo Kankia, ya gina wurin gashin tukwane a bayan gidanmu. Abubuwan da yake ginawa sun yi kama da tulu, amma wani wuyansa ya karkace kamar mai kasa kunne, wani an huda cikinsa haske na ratsawa. Inna takan ɗaga ɗaya ta jujjuya ta ce, "Wanga in an zuba ruwa, ina za shi tsaya?"

"Na kallo ne, Inna," in ji shi yana dariya.

Wata shekara aka gayyace shi baje kolin ayyukan fasaha a birni, na raka shi. Mun naɗe tulunan cikin tsofaffin zannuwan Inna, muka rungume su a mota kamar jarirai. Da muka isa, zane-zanen fenti suna rataye a babban ɗaki ƙarƙashin fitilu. Nashi kuwa aka jera su bakin ƙofa, kusa da tabarmi da jakunkunan fata. Bai damu ba. Ya ce akwai wani mai sharhi a jarida da kowa ke jin maganarsa, in ya gani zai gane.

Mutumin ya zo, ya tsaya kaɗan, ya wuce ciki.

Da sharhin ya fito, ya cika shafi da yabon masu fenti. A kan Yaya ɗan guntun bayani ya yi, wai sana'ar hannu ce ta ƙauye, ta dace da tsaraba, amma ba ta kai a kira ta fasaha ba. Wani attajiri da ya yi alkawarin sayen wasu tulunan ya daina amsa waya. Ba a sake gayyatar Yaya ko'ina ba.

Na iske shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, jaridar na kan cinyarsa.

"Yaya, ai maganar mutum ɗaya ce," na ce.

"A gida an ce ba tulu ba ne. A birni an ce tulu ne kawai. To ina zan kai su, ƙanwata?"

Na zauna gefensa.

Ya karɓi koyarwa a wata firamare wajen Rimaye, yana noma da damina. Ruwa ya rushe wurin gashin, bai gyara ba. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai in Gwaggo ta aiko masa da yumɓu mai kyau, ya bar shi a buhu ya bushe. Ciwon hanta ya ɗauke shi yana da sauran ƙuruciya.

Bayan shekaru wata matashiya mai bincike ta yi sallama gidanmu. Ta ga hotunan baje kolin nan, ta ce yanzu masu sharhi sun sake ra'ayi, aikin yumɓu ya sami daraja, tana son ganin ayyukansa. Na kai ta bayan gida. Yawancinsu sun farfashe. A cikin ɗaya tattabaru sun yi sheƙa. Ta durƙusa tana ɗaukar hoto, ni na juya baya don kada ta ga fuskata.

Rubutunta ya fito, ta kira shi gwani wanda zamaninsa bai gane ba. Na zauna kusa da Inna ina fassara mata daga waya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Da sun faɗa mashi da ranshi," ta ce.

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗauki buta ta tafi alwalar la'asar.