Mangostin Uku a Gidan Babana

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonar babana, mijina direba ne a Talata Mafara, yana tuƙa wani mai awon ƙasa, baƙo daga ƙasashen Asiya. A ƙauyenmu kusa da Maradun kuwa, duk mai aikin dam kallon maci amana ake masa.

Wata Juma'a muka je gaida iyayena, mijina ya riƙo tsarabar 'ya'yan itace uku da maigidansa ya dawo da su daga hutu. Mangostin ya ce sunansu. Girman ƙaramin lemu, bawon mai tauri, ja mai duhu, da 'yar hular ganye a ka. Ya ajiye su kan faifai ya tafi masallaci.

Ina ɗakin Inna na ji ihun 'yata mai shekara uku. Na tarar da bakinta jajur, tana tofar da yawu tana kakari. Ashe bawon ta gatsa.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Jini! Sun ba yarinya guba!"

Kafin in wanke mata baki mata sun cika tsakar gida, maza masu dawowa daga masallaci sun toshe zaure. Ƙanin babana ya damƙi wuyan rigar mijina. "Mi kak kawo muna? Gonaki ba su ishe ku ba, sai ɗiyanmu?"

Mijina ya roƙi wuƙa. Ya zagaye bawon, ya buɗe. Ciki fari fat, sala-sala kamar tafarnuwa. Ya ci sala biyu a gabansu. "Baffa, bawon ne mai ɗaci. Wannan ake ci."

Ba wanda ya motsa. Ni ma na ɗauki sala ɗaya na sa a baki. Zaƙi da ɗan tsami, ya narke nan take. Yarinyar ta daina ihu, ta miƙo hannu. Sai a lokacin Baffa ya saki rigar.

Babana ya ɗauki ƙwallon da aka fitar daga ciki, ya daɗe yana juya shi a tafinsa. "Shina fita a ƙasarmu?"

"Maigidana ya ce sai inda ruwan sama ba ya yankewa, Baba."

Ya ajiye ƙwallon, bai ɗanɗana komai ba. Da za mu tafi ya rako mu bakin hanya, ya ce da mijina mu zaga ta bayan gari, manoma sun tare babban titi suna jiran masu aikin dam.