Katangata da Ɗan Caina

Shekarar da soja suka sauka aka koma mulkin farar hula, wani ɗan Caina ya fara zuwa ƙofar gidana a Soron Ɗinki. Gidan abinci gare shi can bayan ganuwa, a wurina kuma yake sayen taliya 'yar murji, wai tawa ce kaɗai ba ta caɓewa a tukunyarsa. Wannan ban musa ba.

Abin da ban yarda da shi ba, in ya karɓi taliyarsa ba ya tafiya. Sai ya kafa 'yar kujera a tsallaken lungu, ya fito da takarda da tawada kamar ta allo, ya ƙura wa katangata ido yana zane. Katangar kuwa tun rasuwar maigida rabonta da yaɓe. Ta tsage, ciyawa har ta fito a kanta.

Na leƙo daga soro. "Malam, ajiya ka yi a bangon nan?"

"Hajiya, kyau. Kyau sosai."

Ni na san zagi in na ji shi.

Maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa, ta kai maganar gidan suna, wai lalacewar gidana ta kai har daga Caina ake zuwa kallo. Ranar ban ci tuwo ba. Na sayar da tunkiyata, na kira magina, suka shafe bangon sumul.

Da ya dawo sai ya tsaya cak. Ya dubi takarda, ya dubi bango. Ashe rabin tsagar kawai ya zana.

"Hajiya, ina tsaga?"

"Na toshe ta. Yanzu sai ka zana abin arziki."

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire tabarau. Na aika masa da kunu, don ba na son ganin magidanci a haka.

Ko bushewa yaɓen bai gama ba, 'yan siyasa suka lulluɓe shi da hotunansu. Shi kuwa ya juya kujerarsa ya fuskanci katangar maƙwabciyar, katangar da ta lalace har ko akuya ba ta yarda ta yi susa a jikinta.

Wannan zanen ya rataye a gidan abincin, inda sababbin masu mulki ke koyon cin shinkafa da tsinke. Yanzu maƙwabciyar cewa take gidanta yana saman kan sanatoci. Har yau ba ta bari magini ya taɓa katangar ba, in mun haɗu kuma nawa gidan take yi wa jaje.